Kaurace wa nama: abin da ya kamata a sani kafin a fara

A ƙasashen Turai da Amurka ana samun mutanen da ke kaurace wa duk wani abinci da ya fito daga dabba, kuma batun ya fara jan hankalin wasu 'yan boko a arewacin Najeriya, musamman masu fama da hawan jini ko ƙiba.

Masu bin wannan tsari, wanda ake kira vegan da Turanci, ba sa cin nama da kifi da ƙwai, ba sa shan madara ko zuma, wasunsu ma ba sa sanya takalmin fata.

Wani Bature mai suna Donald Watson ne ya ƙirƙiro sunan a shekarar 1944, lokacin da shi da wasu abokansa suka kafa ƙungiyar masu wannan ra'ayi a Ingila.

Dalilan da suke bayarwa

Dalili na farko shi ne tausayin dabbobi, na biyu kuwa kiwon lafiya.

A shekarar 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cin giram 50 na sarrafaffen nama a kullum yana ƙara haɗarin kamuwa da sankarar hanji da kashi 18 cikin ɗari.

Na uku shi ne muhalli. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2013 cewa kiwon dabbobi ne ke samar da kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama yanayi wadda ayyukan ɗan Adam ke fitarwa.

Yadda lamarin yake a Zuru

To sai dai waɗannan dalilai sun fi shafar ƙasashen da ake cin nama safe da yamma.

A masarautar Zuru da ke kudancin jihar Kebbi, ƙasar Dakarkari da aka sani da noman dawa da bikin Uhola na godiya bayan girbi, akasarin abincin gida daga gona yake fitowa.

Tuwon dawa ko na masara da miyar kuka ko kuɓewa, da ƙosai da alale da kunun gyaɗa, duk tsirrai ne. A gidaje da dama nama na ranar kasuwa ne, ko suna, ko Sallah.

Don haka wanda ya yanke shawarar bin wannan tsari a Zuru abu kaɗan zai cire daga tukunyarsa: tsokar nama, da busasshen kifi, da ƙwai, da nono da man shanu. Amma a cikin wannan kaɗan ɗin ne wasu muhimman sinadarai suke.

Abin da za a rasa

Sinadarin gina jiki ba shi ne babbar matsala ba. Abin da hatsi ya gaza bayarwa wake na cike shi, kuma awara da ƙuliƙuli da daddawa suna ƙarawa.

Ana samun sinadarin ƙarfe mai ƙara jini a wake da zogale, ko da yake jiki bai cika ɗaukarsa kamar na nama ba. Cin gwaiba ko lemo tare da abinci yana taimakawa, shan shayi a kan abinci kuwa yana rage shi.

Babbar matsalar ita ce bitamin B12, wanda babu wani tsiro da za a dogara da shi wajen samunsa. Rashinsa na jawo ƙarancin jini, da mutuwar hannu da ƙafa, da mantuwa, kuma yana iya yi wa jijiyoyi lahanin da ba ya gyaruwa.

Da yake hanta na adana shi, mutum zai iya shafe shekaru kafin alamun su bayyana. Saboda haka dole mai bin tsarin ya riƙa shan ƙwayar bitamin ɗin.

Haɗarin ya fi yawa ga masu juna biyu da masu shayarwa da ƙananan yara. A ƙa'idojin da ta fitar a shekarar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yara 'yan wata 6 zuwa 23 nama ko kifi ko ƙwai a kowace rana.

Matsayin addini

Malaman Musulunci sun yi bayanin cewa babu laifi mutum ya bar cin nama saboda lafiyarsa ko don ransa ba ya so, matuƙar bai ɗauki naman a matsayin haram ba, bai kuma ɗauki barinsa a matsayin ibada ba.

Haka kuma barin cin nama bai ɗauke wa mai hali layya ko yankan ragon suna ba.

Magidancin da likita ya ce ya rage kitse zai iya rage nama ya ƙara wake da ganye. Wanda kuma ya zaɓi ya daina gaba ɗaya, ya kamata ya fara tuntuɓar likita, ya tanadi ƙwayar B12, kuma kada ya janye ƙwai da nono daga kwanon 'ya'yansa.