Ƙurajen da sababbin magungunan ciwon daji ke kawowa

Akwai magungunan ciwon daji da ke kai hari kan wani sinadari guda da ƙwayoyin cutar ke dogaro da shi, irin su erlotinib da cetuximab. Matsalar ita ce fata ma tana amfani da wannan sinadari. Shi ya sa cikin makonni 2 na farko ƙuraje kan feso a fuska da ƙirji da baya. Wani maganin kuma, sorafenib, na ciwon dajin hanta, yakan sa tafin hannu da na ƙafa su yi kanta, su yi zafi.

A Damagaram (Zinder) abin na iya ƙara tsananta, domin hunturu na tsage fata, ranar bazara kuma tana tsokano ƙurajen. Majinyacin da ya dawo daga cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai ya riƙa wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu marar kaifi, ya shafa man kaɗanya, ya sa malafa in zai fita. Man bilicin da matse ƙuraje suna barin baƙin tabo mai daɗewa. Likita kan ba da doxycycline ko ya rage ƙarfin maganin ciwon dajin. Kada majinyaci ya daina sha da kansa. In zazzaɓi ko mugunya suka bayyana, a garzaya Babban Asibitin Zinder.