Labarado: karen ruwa a ƙasar rana

A Yamai da wasu manyan garuruwa ana ganin wani ƙaton kare mai faɗin kai da kunnuwa a kwance, a gidajen Turawa da na attajirai. Sunansa Labarado. Sau da yawa masu gadi ake bar wa kulawa da shi. Wasu kuma suna zuba kuɗi su saye shi domin tsaron gida. Kafin a saya, ya kamata a san halinsa.

Asalinsa tsibirin Niyufanlan ne, a ƙasar Kanada, wurin sanyi da ƙanƙara. Can kakanninsa suke taya masunta jan taru, suna kamo kifin da ya kuɓuce. A shekarun 1800 aka kai su Ingila, inda maharba suka koya musu ɗauko agwagwar da aka harbo ta faɗa ruwa. A 1903 ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Ingila ta amince da shi a matsayin iri mai zaman kansa. Launinsa uku ne: baƙi, ko rawaya, ko ƙasa-ƙasa. Nauyin babba yana kai kilo 25 zuwa 36, kuma yakan yi shekara 10 zuwa 12 a duniya.

Kare ne mai sanyin hali da saurin koyo. Yana ɗaukar tsuntsu a bakinsa ba tare da ya huda shi ba. Shi ya sa a Turai da Amurka yake yi wa makafi jagora, ma'aikatan duwan kuma suna sa shi shinshino miyagun ƙwayoyi. Amma gadi ba aikinsa ba ne. Zai yi haushi, sa'an nan ya tarbi baƙo yana kaɗa wutsiya. Mai son tsaron garke, a ganina, karen Azawak na makiyayan arewacin Tawa ya fi masa amfani.

Babbar matsalarsa a nan ita ce zafi. Gashinsa ruɓi biyu ne, domin ruwan sanyi aka yi shi. Kare kuma ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. A watan Afrilu da Mayu, idan aka ɗaure shi a rana yana iya mutuwa kafin la'asar. A ba shi inuwa da ruwa kullum. A fita yawo da shi da asuba ko bayan faɗuwar rana. In ya kama haki mai tsanani yana tangaɗi, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a nemi likitan dabbobi.

Ga shi da haɗama. Ko ya ƙoshi zai roƙa. Ƙiba tana lalata masa gaɓoɓin ƙugu, saboda haka a auna masa abinci sau biyu a rana. Kada a ba shi sauran miya mai albasa, domin albasa tana ɓata jinin kare. Kada kuma a ba shi ƙashin kaza dafaffe.

Kowane mako a duba kunnuwansa, a cire masa kaska. In ya kai wata 3 a yi masa allurar rigakafin cutar haukan kare, a riƙa maimaitawa yadda likita ya ce. Idan kare ya ciji mutum, kowane iri ne, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti a ranar.