'Yan Wasan Zazzau Masu Bin Ƙauyuka

Tun dauri 'yan kama ke bin kasuwanni suna kwaikwayon karatun malamai, suna wasa tuwo da miya, jama'a na dariya. To, a 1975 wani Bature, Michael Etherton, ya soma koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, can Samaru bayan ganuwa. Shi da almajiransa ba su tsaya a makaranta ba. A 1977 suka kai Wasan Manoma Soba, daga bisani suka je Maska da Bomo. Sukan zauna da talakawa, su ji kukansu a kan taki da gonaki, sa'an nan su mai da shi wasa a dandali. Abin da talaka ke tsoron faɗi gaban dagaci, sai wasa ya faɗe shi.