Tsarin Ƙirar Ƙaramin Jirgin Sama Mai Ƙafa Uku da Ire-irensa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana tsarin wani ƙaramin jirgin sama maras nauyi wanda ake kira tirayik, watau mai ƙafa uku. Wani lokaci akan sayar da shi a wawware cikin akwatuna, mai saye ya harhaɗa abinsa da kansa. Za mu duba asalinsa da sassansa da yadda ake sarrafa shi, sa'an nan mu kawo ire-irensa da abubuwan da ya wajaba mai harhaɗawa ya kiyaye, domin kuwa ransa yana rataye ne a kan aikin hannunsa.

2.0 Asali

Tushen wannan jirgi shi ne fiffiken ƙyalle wanda Francis Rogallo, wani injiniya Ba'amurke, da matarsa Gertrude suka nemi rajistarsa a 1948. Hukumar NASA ta jarraba fiffiken a farkon shekarun 1960 da nufin sauko da kumbon Gemini, amma daga bisani ta koma ga laimar sauka. A 1963 John Dickenson na Ostareliya ya haɗa irin wannan fiffike da sandar tuƙi mai kusurwa uku, mutum yana rataye a ƙarƙashinsa. Wajen ƙarshen shekarun 1970 masu sha'awar abin a Faransa da Ingila suka fara rataya keke mai inji a madadin mutum tsurarsa. Daga nan kamfanoni suka kafu, irin su Air Création da Cosmos a Faransa, da Mainair da Pegasus a Ingila, da Airborne a Ostareliya.

3.0 Sassan Jirgin

Jirgin ya kasu kashi biyu, fiffike da keke, kuma ƙusa guda ɗaya mai kauri ita ce ke haɗa su a marataya.

Fiffiken yana da siffar bakin mashi. Ƙashin bayansa bututun alminiyam ne da ya miƙe daga hanci zuwa baya, ga wasu bututu biyu da suka buɗe dama da hagu, ga kuma na gicciye mai tokare su. A kan wannan ƙwarangwal ake ɗaura ƙyallen Dacron, a zura masa siraran haƙarƙari masu ba shi lanƙwasar da ke jawo ɗagawa. Wayoyin ƙasa su ne ke ɗaukar nauyi a lokacin tafiya, na sama kuwa, waɗanda ke sauka daga wata 'yar dirka, suna riƙe fiffiken idan yana ƙasa ko iska ta danno shi.

Abin lura shi ne jirgin ba shi da wutsiya. Daidaituwarsa tana samuwa ne daga karkatar fiffiken zuwa baya da kuma murɗewar da ke bakinsa biyu. Idan hanci ya nemi dulmiya ƙasa, ƙarshen fiffiken da ke bayan tsakiyar nauyi sai ya taimaka wajen maido da shi.

Keken kuwa yana ɗauke da kujera ɗaya ko biyu, ta gaba da ta baya, da tankin mai, da inji a can baya wanda farfelarsa ke tura jirgin gaba. An fi amfani da injunan Rotax na ƙasar Ostiriya. A da 503 mai ƙarfin doki 50 da 582 mai 65 su ne suka fi yawa, amma manyan jiragen sun koma ga 912 mai ƙarfin doki 80 ko 100, wanda ya fi tsimin mai da ƙarko.

4.0 Yadda Ake Sarrafa Shi

Matuƙi yana sarrafa jirgin ne ta hanyar gusar da nauyi. Idan ya tura sandar gaba, nauyin keken ya koma baya, hanci ya ɗaga, gudu ya ragu. Idan ya jawo ta jikinsa, hanci ya sunkuya, gudu ya ƙaru. Haka kuma idan ya tura ta hagu, nauyi ya koma dama, jirgin ya karkata dama. Wannan kishiyar abin da matuƙin jirgi mai wutsiya ya saba da shi ne, saboda haka ko ƙwararre ne sai ya sake koyo, don kada hannunsa ya yaudare shi a lokacin sauka.

5.0 Ire-irensa

Ana iya rarrabe su ta fuskar fiffike. Mai ƙyalle falle ɗaya ba shi da gudu, amma yana da sauƙin tuƙi da sauka a gajeren fili. Mai falle biyu, wanda ya ɓoye bututun gicciye a cikinsa, ya fi gudu da dogon zango. Akwai kuma wanda aka cire wa dirka da wayoyin sama aka sa tokare biyu a ƙasa, domin rage jan iska da sauƙin shigarwa rumfa. Ta fuskar ƙafa kuma, wasu akan sa musu tayoyi masu faɗi saboda rairayi, wasu akan sa musu matashin sauka a kan ruwa.

Doka ma tana tsara ƙira. A Amurka, sashe na 103 na dokokin jiragen sama, wanda aka kafa a 1982, ya yafe lasin ga jirgi mai kujera ɗaya muddin nauyinsa ba tare da kaya ba bai kai kilo 115 ba, mansa bai wuce lita 19 ba, gudunsa kuma bai haura kimanin kilomita 102 a awa ba. Wannan shi ya sa masu ƙira ke aske kowane giram. A ɗaya ɓangaren, masu kujera biyu sun nuna bajinta: a 1998 Brian Milton ya kewaye duniya da Pegasus Quantum 912, kuma daga 2001 an yi shekaru ana amfani da irin waɗannan jirage wajen jagorantar wasu tsuntsaye dangin gauraka daga Wiskonsin zuwa Fulorida.

6.0 Kammalawa

Sauƙin tsarin wannan jirgi shi ne kuma ke sa kowane sashe nasa ya zama wajibi. Bai halatta mai harhaɗawa ya sauya ƙusa ko waya da wadda ya samu a kasuwa ba, ko ya ɗora fiffiken wani kamfani a kan keken wani ba tare da an jarraba su tare ba, ko ya cire igiyoyin da ke ɗaga gefen baya na ƙyalle, domin rashinsu na iya sa jirgin ya wuntsila a sama. Bugu da ƙari, hasken rana yana cin ƙyallen a hankali tun ido bai gane ba, don haka dole a riƙa rufe shi, a kuma gwada ƙarfinsa a kai a kai, musamman a ƙasashe masu tsananin rana. Wanda ya kiyaye waɗannan, ya kuma nemi horo wurin malami, ya sami hanya mai araha ta koyon ilmin tashi da sauka.