Yadda Za Ka Haɗa Wufa Biyu Ko Fiye Da Amfilifaya Ɗaya Ba Tare Da Ka Ƙona Ta Ba



Kwanakin baya wani abokina mai Adaidaita Sahu ya ƙara wufa ta biyu a kekensa. Kamo wayoyinta kawai ya yi, ya murɗa su a kan na ta farko. Ranar kam sauti ya yi daɗi. Kwana uku tsakani amfilifaya ta fara ɗaukewa in ta yi zafi, daga ƙarshe ta yi ƙauri ta mutu. Ni sana'ata rubuta manhaja ce, amma da na zauna na duba, sai na ga matsalar ta lissafi ce da ba ya cin minti biyu a kalkuletar waya.

Da farko ka gane wace iri ce a hannunka

Wufa, wato lasifikar nan mai fitar da kakkauran sauti, iri biyu ce. Akwai mai amfilifaya a cikinta, wadda ake jona wa wuta kai tsaye, kamar yawancin na ɗaki masu Bluetooth. Irin wannan ba a haɗa ta da bakin lasifika na wata amfilifaya, sai in tana da mashigar da aka tanada don hakan. Sigina kawai take buƙata ta wayar RCA, in biyu ne sai ka sayi 'yar wayar nan mai raba ɗaya zuwa biyu. Bayaninmu na yau a kan ɗaya irin ne, wufa zalla wadda ba ta motsi sai da amfilifaya.

Mene ne om?

Juya bayan wufarka, za ka ga an rubuta 2, 4 ko 8 da alamar Ω. Wannan shi ne om, ma'aunin yadda lasifika ke tare wa lantarki hanya. Sunan ya samo asali ne daga Bajamushe Georg Ohm, wanda ya wallafa ƙa'idar a 1827. Om in ya yi ƙasa, lantarki da yawa ne zai wuce.

Misali, a ce amfilifaya na tura bolt 20. A kan om 4, amfiya 5 za ta bayar, wat 100 ke nan. A kan om 2, amfiya 10, wat 200. A kan om 1, amfiya 20. Ka ga duk sanda om ya rabu biyu, aikinta ya ninka, zafi ya ƙaru. Shi ya sa kowace amfilifaya take da mafi ƙarancin om da za ta iya ɗauka, a rubuce a jikinta ko a takardarta. Ka fara neman wannan lambar kafin ka taɓa waya.

Hanyoyin haɗi guda uku

1. Haɗin kafaɗa da kafaɗa, wanda masu gyara ke kira faralel. Duk masu alamar + su haɗu a + na amfilifaya, masu − su haɗu a −. In wufofin om ɗinsu ɗaya ne, ka raba om ɗin da yawansu. Biyu masu om 4 sun zama om 2. Uku sun zama kusan 1.3. Huɗu sun zama om 1. Wannan haɗin abokina ya yi bai sani ba.

2. Haɗin sarƙa, wato siris. Daga + na amfilifaya zuwa + na wufa ta farko, daga − nata zuwa + na ta biyu, sannan − na ta biyu ya koma amfilifaya. A nan tarawa ake yi, biyu masu om 4 sun zama om 8. Amfilifaya za ta huta, sai dai wat ɗin da za ta bayar zai ragu.

3. Gauraya biyun. In kana da huɗu masu om 4, ka haɗa bibbiyu a sarƙa, kowane rukuni om 8, sannan ka haɗa rukunan biyu kafaɗa da kafaɗa. Ka dawo om 4 cif.

Akwai kuma wufa mai koyil biyu, za ka gane ta da bakin waya huɗu. Kowane koyil ka lissafa shi tamkar lasifika guda. Mai koyil biyu na om 4 tana iya zama om 2 ko om 8, guda biyu irinta kuma su ba ka om 1 ko om 4.

Tarkon birij

Nan ne mutane suka fi faɗawa. In ka haɗe tasha biyu ta amfilifaya ta zama ɗaya, abin da ake kira birij, kowace tasha rabin om ɗin take gani. Amfilifayar da ke ɗaukar om 2 a kowace tasha, yawanci om 4 take buƙata a birij. Ta abokina a birij take, ya kuma ɗora mata om 2, kowace tasha tana jan kaya kamar na om 1. Ina za ta kai?

Batun wat

Lambar RMS za ka duba, ka manta da PMPO ɗin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a kwali don talla. Wufofi iri ɗaya raba wat suke yi daidai: amfilifaya mai wat 500 a om 2, kowace daga cikin biyun za ta sami 250. In om ɗinsu ya bambanta rabon ba zai zo daidai ba, a faralel mai ƙaramin om ce za ta fi shan wuta. Don haka ya fi kyau su zama samfuri ɗaya.

Kafin ka kunna

Cire wayar batir ko soket kafin ka fara aiki. In ka gama haɗi, auna bakin wayoyin biyu da mita kafin ka jona su. Mita kan nuna ƙasa kaɗan da abin da aka rubuta, om 4 zai iya fitowa 3 da ɗoriya, wannan ba matsala ba ce.

Sannan ka ɗauki batirin rimot mai bolt 1.5 ka ɗan taɓa shi da wayoyin. Dole fuskokin wufofin su motsa gefe ɗaya a tare. In ɗaya ta fito ɗaya ta shige, an juya waya, kuma za su riƙa kashe sautin juna, ka ji biyu sun kasa ɗaya ƙarfi.

Ka fara da ƙaramar murya na ɗan lokaci, kana taɓa jikin amfilifayar. In ta yi zafin da hannu ba zai jure ba, ko jar fitilarta ta kama ta ɗauke, kashe ka sake lissafi. Kada ka canza fiyus da wanda ya fi shi girma don ta daina ɗaukewa, ita ce za ta ƙone a madadinsa.

Abokina dai sai da ya sayi wata amfilifayar mai tasha ɗaya da ke ɗaukar om 2, kuɗin da da ya duba bayan wufa tun farko yana aljihunsa. Rigakafi ya fi magani. Sai mun haɗu a darasi na gaba.