Tiya ɗaya nake so, ba buhu ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wani ƙauye na Gwiwa yana ɗaga waya sama don sabis ya kama, ya san darajar data. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, manhajar da ke wayarsa 'yar aike ce kawai. Bayanan suna can cikin wata babbar kwamfuta da ake kira uwar garke, kuma akwai ƙa'idar da manhaja ke bi ta nemo su, wadda masana ke kira API.

A tsohon salo, wanda Roy Fielding ya fayyace a shekarar 2000 da sunan REST, kowane irin bayani yana da ƙofarsa. Ka nemi sunan mutum, sai a haɗo maka da hotonsa da adireshinsa da tarihinsa. In kana son saƙonninsa kuma, sai ka sake ƙwanƙwasa wata ƙofar. Kamar ka je kasuwa awon tiya ɗaya ta gero, mai awo ya ce sai dai ka ɗauki buhu, dawa kuma tana wata rumfar. A inda sabis ke da rauni, kowace tafiya jira ce.

Wannan matsala ce ta sa injiniyoyin Facebook suka ƙirƙiro GraphQL a 2012, suka sake shi ga kowa a 2015. Ƙofa ɗaya ce. Manhaja ta rubuta ainihin abin da take so, suna da ragowar kuɗi kawai misali, uwar garke ta auno daidai wannan, a tafiya guda. Sai dai nauyin ya koma kan uwar garke, don haka dole a sa iyaka, kada tambaya mai rassa da yawa ta durƙusar da ita.

Mataki na gaba shi ne uwar garke ta aiko har da tsarin fuskar manhajar: maɓallin kaza a sama, jerin kaza a ƙasa. Kamfanin Airbnb yana cikin waɗanda suka shahara da wannan. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. In ka danna *312# don sayen data, jerin da ke fitowa ba a wayarka yake ba, kamfani ne ya turo shi, kuma gobe zai iya canza shi ba tare da ka sauke komai ba. Ga mai ƙaramar waya da ba ta da sararin sabunta manhaja kowane wata, wannan sauƙi ne babba. Illarsa ita ce in sabis ya ɗauke, fuskar na iya zama wayam, sai in an tanadi ajiye ta ƙarshe a cikin wayar.

Ɗalibanmu masu koyon kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, in kun haɗa manhaja, ku fita da ita ƙauyukan Gwiwa da Roni da Babura ku gwada ta kafin ku ce ta kammala.