Ƙasar Gona 'Yar Dutse Ce

Duk wanda ya haye gadar Kaduna ya yi kudu, ya wuce Barnawa da Sabon Tasha, ya miƙi hanyar Kujama da Kajuru, ba zai rasa ganin duwatsu ba. Waɗansu sun yi tsiri, waɗansu suna shimfiɗe kamar tabarma, da rani kuwa har a tsakiyar kogi su kan fito. Manomi ya kan yi tsaki in fartanyarsa ta ci karo da su. Amma da ya san asalinsu da bai raina su ba, domin ƙasar da ya ke nomawa daga jikinsu ta fito.

Irin wannan dutse masana na kiransa giranit. Asalinsa narkakke ne, kamar ƙarfe a maƙera, can cikin cikin ƙasa inda zafi ya ke da tsanani. A nan ya huce sannu a hankali, shekaru dubbai a kan dubbai, har ya sandare. Na kewayen Kaduna ya yi wajen shekara miliyan 600. Wani Bature mai suna Falconer, a littafin da ya buga a 1911, shi ya bambanta shi da na ƙasar Jos mai kuza, wanda ya ke ƙanensa ne nesa ba kusa ba. Shi ne kuma shugaban farko na ma'aikatar binciken duwatsu da aka kafa a 1919, wadda daga baya ta zauna a Kaduna ta kudu.

Abin Da Ke Cikinsa

In aka fasa ɗan gutsure aka duba a rana, za a ga ba abu ɗaya ba ne, ƙwayoyi ne iri uku a manne. Girman ƙwayoyin nan shi ne shaidar jinkirin hucewarsa. Dutsen da ya ɓulɓulo sarari ya huce da sauri, kamar baƙin dutsen Biu da na Panyam, ƙwayoyinsa ba su ganuwa sosai.

Ƙwaya ta fari ita ce mai kama da gilashi, 'yar'uwar ƙanƙarar da a ke ƙyastu da ita, ana ce da ita kwats. Ta biyu fara ce ko jaja-jaja, ita ta fi yawa, sunanta feldisfa, cikinta akwai fotash, watau abin nan da ke cikin toka. Ta uku baƙa ce mai walƙiya, tana ɓarewa kamar ɓawon albasa, sunanta maika, tana ɗauke da ƙarfe.

Yadda Dutse Ke Zama Ƙasa

Ruwan sama yana da ɗan tsami kaɗan. Yau da gobe, shi ke cin dutse. Feldisfa ta kan ruɓe ta zama yumɓu, ta saki fotash ɗinta. Ƙarfen da ke cikin maika ya kan yi tsatsa, shi ya sa ƙasar Kaduna ta ke ja. Inda ƙarfen nan ya taru ya sha rana ya taurare, shi ne marmara. Kwats kuwa ba ya ruɓewa, sai dai ya farfashe ya zama yashi da tsakuwa. Ruwa ya kan kwashi lallausan ya kai fadama, ya bar wa tudu mai gautsi.

To, an ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da dutse ya mallaka shi ƙasa ta gada, abin da ya rasa ita ma ta rasa. Kashi 70 cikin 100 na giranit, ko fiye, irin sinadarin yashi ne, wanda ba shi ke ƙosar da shuka ba. Fotash kamar kashi 4 ne ko 5. Fosfaras kuwa, mai sa saiwa ta kama da ƙwaya ta cika, ko kashi 1 bai kai ba, ɗan wanda ke akwai ma jar ƙasa ta kan riƙe shi ta hana shuka. Naitirojin, mai sa ganye ya yi kore, wannan ba daga dutse ya ke zuwa ba, sai daga ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi da saiwar wake da gyaɗa.

Saboda haka in ƙaramar masara ta tsumbure ganyenta ya yi shuni-shuni, yawanci fosfaras ta ke nema, sai a ba ta takin supa ko wanda aka haɗa da shi, tun wajen shuka. In ganyen ƙasa ya soma rawaya, naitirojin ne ya gaza. Kowane aka zuba, lalle a haɗa da takin gargajiya, don shi ke sa ƙasa mai yashi ta riƙe ruwa da abinci.

Gargaɗi

Gari yana ta faɗi ya yi kudu, masu tifa kuma suna bin gonaki suna sayen jar ƙasa da yashi don ciko da bulo. Kuɗin na da daɗi a hannu, amma manomi ya tuna inci ɗaya na ƙasar sama ya kan ci ɗaruruwan shekaru kafin ya samu. In aka kwashe ta, abin da za a tarar marmara ce ko fako, ba dawa ba masara. Haka kuma wanda ya ja kunya ta bi gangare, ko ya ƙone karan gonarsa ƙurmus, ya sayar wa ruwa ƙasarsa ba ko anini.

Magani shi ne a riƙa yin kunya a gicciye, a bar ciyawa a bakin kwari, a jera duwatsu inda ruwa ke gudu, a riƙa juya hatsi da wake. Gona amana ce. Wanda ya same ta da ƙasa a wurin ubansa, ya kamata ya bar wa ɗansa ita da ƙasa. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.